Ba a Yankan Katanga

Duk wanda ya taɓa kallon ƙwallo a tsallaken gada, daga Kakuri har Narayi, ya san Bulus Katanga. Katanga ba sunan ubansa ba ne. 'Yan kallo ne suka laƙaba masa tun yana saurayi, don ɗan gaba in ya taho da gudu ya iske shi, to ya iske bango, sai dai ya koma ya sake shiri. Lamba biyar yake bugawa, tsakiyar baya, kuma ƙungiya ɗaya ya buga wa duk rayuwarsa, Zare United ta Trikania.

Ya shige ta ne tun tana ƙungiyar ma'aikatan wata masaƙa a Kakuri, shi kuma yana aiki a sashen rini. Masaƙa ta mutu, aka garƙame ƙofa, ciyawa ta cinye filin. Ƙungiya ta koma filin firamare a Trikania. An canja jesi, an canja koci ya fi a ƙirga. Abokan wasansa wasu sun tafi Legas, wasu sun ajiye tumbi, biyu suna ƙasa. Bulus yana nan. An taɓa zuwa da mota daga Jos za a saye shi, ya ce shi ba akuya ba ne da za a kai kasuwa. Yanzu ya ba arba'in baya, furfura ta tsiro masa a haɓa. Da safe walda yake yi a bakin titi, yamma ta yi ya naɗe gwiwar hagu da bandeji ya nufi fili.

Kofin unguwanni da ake bugawa duk ƙarshen damina bai taɓa ɗaga shi ba. Amma yana da abin alfahari guda, wanda yake faɗa a teburin mai shayi ko ba a tambaye shi ba: shekarun nan na baya babu yaron da ya yanke shi ya wuce.

"Yaran yanzu indomi suka ci suka girma," in ji shi. "Ba ƙashi. Suna hango ni sai su canja hanya."

Mutane su yi dariya, su ce ai Katanga ba ya tsufa.

Ranar da abin ya fara ɓaci masa, wasan kusa da na ƙarshe suke bugawa da 'yan Narayi. Zare na gaba da ci ɗaya, saura kaɗan a tashi. Aka cillo doguwar ƙwallo ta bisa kansa. Ya juya zai bi ta, gwiwa ta ƙi, ya zube shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi. Ɗan gaban Narayi, wani siririn yaro Victor, ya wuce da ƙwallo, daga shi sai gola. Bulus yana kwance yana kallo, a ransa ya riga ya ce an rama.

Yaron ya waiwayo ya gan shi a ƙasa. Sai ya taka ƙwallo, ya gangarar da ita waje da gefen ƙafa. Ya dawo ya kama shi ya ɗaga, har da kakkaɓe masa jar ƙasa a wando.

"Sannu, Baba. Ba ka ji ciwo ba dai?"

Zare ta ci wasan. Yara suka yi ta tsalle, an kai wasan ƙarshe. Bulus bai yi tsalle ba. Abin da ya tsaya masa a wuya ba faɗuwar ba ce. Ya san magoya bayan Narayi, mutanen da kan jefi ɗan wasansu da ledar ruwa in ya ɓarar da ci. Ranar ba wanda ya zagi Victor. Kocinsu ma tafa masa ya yi. Ba wanda ya yi mamaki a duk filin, sai shi kaɗai. Da shi ne a zamaninsa, da sai ya zura ƙwallo a raga tukuna, sannan ya dawo ya yi sannu.

Washegari bai buɗe wurin walda ba. Ya hau keke-napep zuwa Makera, shagon Ɗahiru, kocinsu, mai sayar da kayan injin niƙa. Tare suka buga a masaƙa, Ɗahiru lamba huɗu shi lamba biyar, kafin Ɗahiru ya karye ya koma benci da usur a wuya.

"Katanga da kansa," in ji Ɗahiru. "Yau ƙarfe ya samu hutu? Zauna a kawo maka shayi, ko tsufa ya hana ka siga?"

"Ba zama na zo yi ba. Me ya hana yaron nan ci jiya?"

"Tarbiyya."

"Ɗahiru, ni ba kwastoma ba ne da za ka sayar wa tsohon bel ka ce sabo ne. Me ya hana shi ci?"

Ɗahiru ya tura yaron shagonsa sayen abin da ba ya buƙata. Ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Ba a yankan Katanga," ya ce. "Kowane koci a tsallaken nan yana gaya wa lamba taransa haka kafin a shiga. In ka ga Baba Bulus a gabanka, ka ba da ƙwallo, ko ka bi ɗaya gefen."

"Wa ya kafa dokar?"

"Ba taro aka yi ba. Abin ya zama kamar gaisuwa. Rabin yaran nan kai ka koya musu tare ƙwallo da ƙirji. Ka je sunan wasunsu. Shekarar rikici kai ka raka mu har bakin gada da ƙafarka, iyayensu ba su manta ba. Wane yaro ne zai koma gida ya ce wa uwarsa yau na zaunar da Baba Bulus a ƙasa gaban jama'a? Ai ko tuwo ba za ta ba shi ba."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka yi maka aikin gwiwa."

Bulus ya lissafa. Aikin gwiwa ya kai shekara biyar. Ya tuna duk wasannin da ya fito yana buga ƙirji, duk surutun da ya yi a teburin mai shayi, da irin dariyar da ake yi masa. Ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa.

"Ka sani, kuma ka ci gaba da sa ni."

"Da gangan ma." Ɗahiru bai kau da ido ba. "Ɗan gabansu ba ya bin gefenka. Fili ya zama rabi ke nan. Sai in tara yarana a ɗaya gefen, Jonathan, abokin tsaronka, ya yi gudun mutum biyu. Gaskiya ɗaya ce, mutumina, kunyarka da ake ji ta fi min ƙafarka amfani."

"Ashe mutum-mutumi kuka kafa a gona."

"Mutum-mutumi ma yana tsare dawa. Ka ji ni. Lahadi da Guduma ta nan Makera za mu buga. Lamba taransu Zakariyya'u ne, ɗan marigayi Nuhu, golanmu na masaƙa. Babu mai gudunsa a gasar nan. Amma shi ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai bi ta kanka ba. Ka tsaya inda ka saba tsayawa. Ka ɗaga kofi, ka rataye takalmi da girmanka. Yaran nan sun sha wuya kafin su zo nan, kar ka ɓata musu."

Bulus ya tashi bai yi sallama ba.

A gida ya iske matarsa Damaris a tsakar gida tana ɓarar agushi a faranti. Ya tsaya a kanta ya faɗa mata abin da ya ji, yana jira ta zabura. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Baban Mercy, wa bai sani ba? Har matan zumunta sun sani."

"Ke ma?"

"Ni nake gasa maka gwiwar nan da ruwan zafi. Kana tsammani ban san abin da ya rage a cikinta ba?"

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

Sai a nan ta ajiye faranti. "Da masaƙa ta rufe, wata nawa ka yi ba ka magana da kowa a gidan nan? Ƙwallo ce ta dawo min da kai. In na karɓe ta, me zan ba ka a madadinta? Mutane suna ganin girmanka kana jin haushi. Wasu da kuɗinsu suke nema ba su samu ba."

"A coci ake ba da girma, Maman Mercy. A fili ƙafa ce."

"To ka je ka tambayi ƙafar."

Abin da ya ƙudura ke nan. Kwanakin da suka rage bai je tirenin ba, bai je shayi ba. Yana walda yana tunani. Wani lokaci ya ce a ransa ƙila Ɗahiru ya zuzuta, ƙila da sauransa, mutumin da ya yi shekara ashirin da wani abu a wuri ɗaya ya san inda ƙwallo za ta faɗa tun ba a buga ta ba. Wani lokaci kuma gwiwar ta soke shi yana tsugune, ya kasa miƙewa sai ya dafa ƙarfe. Kofi yana so, ba ƙarya. Amma ya kasa ganin yadda zai ɗaga shi gaban mutanen da duk sun san sadaka aka ba shi.

Lahadi bayan la'asar filin ya cika, har kan katangar makaranta da rassan mangwaro. 'Yan Makera sun zo da ganguna. Da ƙungiyoyi suka jeru ana gaisawa, Zakariyya'u ya zo gabansa ya rusuna ya kama hannunsa da hannu biyu. Dogo ne, baƙi, ga goshin ubansa sak.

"Ina wuni, Baba. Inna ta ce a gaishe ka."

Bulus bai saki hannun ba. "Ina amsawa. Yau ka buga ni kamar kowa. Ka ji?"

Yaron ya yi murmushi, ya ɗauka wasa ne.

"Ba wasa nake ba. In ka samu hanya ta kaina, ka bi."

"Haba, Baba. Allah ya kiyaye."

Aka busa. Yadda Ɗahiru ya faɗa haka ta kasance. Zakariyya'u ya koma gefen dama ya maƙale, inda Jonathan da wasu biyu suka tsare shi kamar ɓarawon kaza. Bulus yana tsaye a gefensa shi kaɗai, ko gumi bai yi ba. Yanzu da idonsa ya buɗe, abin a fili yake, har ya yi mamakin yadda bai gani ba duk shekarun nan. Ƙwallo ta biyo ta wajensa, mai ita ya ja birki ya mayar baya. Kafin hutun rabin lokaci Zare ta ci ɗaya da kai daga bugun kwana. Trikania ta ɗauki ihu. A hutu Ɗahiru ya miƙa masa ruwa ya ce ƙasa-ƙasa, "Haka nake so. Ka daure."

Da aka dawo sai Bulus ya bar wurinsa. Ya ratsa fili ya je ya ture Jonathan, ya ce masa, "Koma can, ni zan riƙe shi." Jonathan ya kalli benci. Ɗahiru ya miƙe yana ɗaga hannu yana kiran sunansa, Bulus ya yi kamar bai ji ba.

Zakariyya'u ya koma hagu, Bulus ya bi shi. Aka ba yaron ƙwallo, ya mayar da ita da taɓawa ɗaya. Aka sake ba shi, Bulus ya shiga masa ta baya ya kwashe ƙafarsa, ya sha katin gargaɗi. Yaron ya tashi yana ɗingishi.

"Yi haƙuri, Baba, ni na shiga gabanka."

Wannan ta fi mari zafi. Bulus ya matso har numfashinsu na haɗuwa. Ya san abin da zai faɗa ba shi da kyau, ya san kuma babu wata hanyar.

"Nuhu bai taɓa kauce wa namiji a fili ba," ya ce, da ƙarfin da na kusa za su ji. "Kai dai a je a tambayi uwarka inda ta samo ka."

Jonathan ya dafe kai. Idon Zakariyya'u ya kaɗa ya yi ja. Ya juya ya ɗaga wa lamba takwas ɗinsu hannu, ya nuna ƙasa a gabansa.

Ƙwallo ta zo. Ya tare ta, ya fuskanci Bulus. Bulus ya rage tsawo, ya buɗe hannuwa, ya zuba wa ƙugun yaron ido kamar yadda ya koya wa yara da yawa, don ƙafa tana ƙarya amma ƙugu ba ya yi. Ya ga inda za a bi. Kansa ya gani sarai. Jikin ne bai tafi ba. Yaron ya tura ƙwallo ta dama ya zagaya ta hagu, kafin Bulus ya gama juyawa raga ta motsa. Gangunan Makera suka tashi, amma ba da ƙarfi ba.

Bulus ya ce a ransa wannan ba shiri ya yi ba, bari a sake.

Aka sake, ba a daɗe ba. Wannan karon Zakariyya'u ya taho a hankali, ya tsaya cak a gabansa da ƙwallo a ƙarƙashin ƙafa. Bulus ya kai ƙafa da duk ƙarfinsa. Ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, gwiwa ta lanƙwashe, ya zauna daɓas a jar ƙasa kamar yaro mai koyon tafiya. Daga nan zaune ya ga an yanke gola, ya ga ci na biyu.

Ba a buga ganga ba. Filin ya yi tsit, har ana jin ƙarar injin markaɗe daga bayan makaranta. Zakariyya'u bai yi murna ba, ya tsaya cikin raga ya riƙe igiya ya sunkuyar da kai. Can wani tsoho daga cikin 'yan Makera ɗin kansu ya ce, "Marar kunya." Sai wasu suka ɗauka.

Ba wanda ya zo ɗaga Bulus, don ba wanda ya san inda zai sa idonsa. Ya tashi da kansa, da ƙyar. Ya kalli benci, Ɗahiru ya juya masa baya. Sai ya ɗaga hannu ya nemi canji da kansa, abin da bai taɓa yi ba tun yana saurayi. Ya cire kambun kyaftin ya miƙa wa Jonathan, ya fita. Wasu suka fara tafi, suka ga bai dace ba, suka bari.

Biyu da ɗaya aka tashi. Yaran Zare suka zube a ƙasa, Jonathan ya rufe fuska da jesi yana kuka. Ba wanda ya ce wa Bulus kai ka jawo. Da sun faɗa da ya fi masa sauƙi.

Can tsakiyar fili kuwa abin ya fara zama rigima. Alhajin da ke ɗaukar nauyin Guduma ya bi 'yan wasansa yana ba su hannu, da ya zo kan Zakariyya'u ya tsallake shi. Samarin Trikania suka zagaye yaron, ledojin ruwa suna sauka a kansa, wani ya sunkuya yana neman dutse. Abokan wasansa suka ja gefe da kofinsu.

Bulus ya miƙe daga benci ya ratsa taron yana jan ƙafa. Ya kama wuyan hannun yaron.

"Duk wanda ya taɓa shi ni ya taɓa. Ni na sa shi."

Aka buɗe musu hanya. Ya ja shi suka fita ta ƙofar makaranta har bakin babban titi, inda ake tsayar da keke-napep. Yaron hawaye yake yi, yana sharewa da bayan hannu.

"Maganar da na faɗa ƙarya ce," in ji Bulus. "Kai ɗan Nuhu ne, ko makaho ya shafa goshin nan ya sani. Uwarka mutuniyar kirki ce. Gobe zan zo har gida in durƙusa mata, in gaya mata bakina ne ya jawo."

"Ba za ta saurare ni ba, Baba. Labari zai riga ni isa."

"Za ta saurare ni."

Motoci suna ta wucewa. Bulus ya tsayar da wani keke. Yaron ya sa ƙafa ɗaya ciki, sai Bulus ya riƙe ƙarfen rufin.

"Tsaya. Abu ɗaya zan tambaye ka, kuma tsakaninka da Allah. Na farkon nan, da na juya da wuri kaɗan, da na cim maka?"

Zakariyya'u ya kalli ƙasa.

"Faɗa min. Iyakar gudunka ke nan?"

"A'a, Baba."

"Rabi?"

"Ƙafar da ka buge min ba ta takuwa sosai. Na biyun ma sai da na tsaya na jira ka, ko za ka karɓe. Wallahi so na yi ka karɓe."

Bulus ya gyaɗa kai. Ya saki ƙarfen, ya buga bayan keken da tafin hannu, direba ya ja.

Gidansa yana ɗaya hannun titin. Ya zauna a bakin kwalbati ya kwance takalman ƙwallo, ya haɗa igiyoyinsu ya riƙe a hannu. Daga cikin makaranta ana jin lasifika tana kiran kyaftin ɗin Zare ya zo ya karɓi kyautar na biyu. Ya miƙe ya tsaya a bakin kwalta da safa. Tsakanin wata tirela da motar da ke bin ta akwai tazarar da jiya ma da ya ratsa da gudu. Ya dube ta, ya bar ta ta wuce, ya tsaya yana jira titi ya yi sauƙi.